Zaman Iyali: Kwana Biyu a Ikko da Uwargida

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini daga Kano, ya ce bana shekararsu 20 da aure, ya kuwa daɗe yana tara 'yan kuɗi domin ya kai matarsa Ikko a jirgin sama, ta ga teku da idonta. Za su tashi ran Jumma'a su komo ran Lahadi, gama Litinin akwai aiki. Yana tambaya me za su gani, kuma yaya za su yi da mota daga filin jirgi. Na ga ya kyautu in amsa a nan, gama ba shi kaɗai ke da wannan niyya ba.

Da fari dai, madalla. Da yawa cikinmu ba mu fita da matanmu sai zuwa biki ko jana'iza, can ma tana wajen mata, kai kana wajen maza. Amma ɗan'uwa, Ikko ba garin da a ke shiga da ka ba ne. Daga Kano jirgi ya kan yi kamar sa'a ɗaya da rabi. Daga filin jirgi na Ikeja zuwa tsibiri kuwa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 30 ba, mota tana iya cin sa'a biyu in an faɗa cunkoso. Watau wahalar tafiyarku a ƙasa ta ke, ba a sama ba.

Cunkoson nan yana da lokacinsa. Da safe jama'a su kan kwarara zuwa tsibiri wurin aiki, da yamma su komo, yammacin Jumma'a kuwa ya fi kowanne muni. Saboda haka ku nemi jirgin da zai sauke ku da hantsi ko tsakar rana. Masauki kuma, a ganina gara ku kama shi can wajen tsibiri ko da ya ɗan fi na Ikeja tsada, domin abubuwan kallo can su ke. Wanda ya sauka a Ikeja zai yi ta kai da kawowa a kan doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990. Rangwamen da ya samu a ɗaki zai ƙare a kuɗin mota.

Zancen mota a gama shi tun kuna gida. Mafi kwanciyar rai shi ne ku tambayi masaukinku ko za su aiko da direba, ku ji kuɗin, ku karɓi sunansa da lambar wayarsa. In ba haka ba, akwai Bolt da Uber da a ke kira ta waya. Ka sa ɗanka ya saka maka a waya ya koya maka tun kafin ranar, kada ka tsaya koyo a bakin ƙofar filin jirgi da akwati a hannu. In mota ta zo, dubi lambarta, ka ga ta yi daidai da wadda waya ta nuna kafin ku shiga. In kuwa tasi za ku ɗauka, a yi ciniki a gama kafin kaya su shiga but. Masu tarye ku suna jan jaka suna cewa ga mota, ku gode musu ku wuce. Kada ku sa rai da acaɓa, gwamnatin jihar ta hana su aiki a Ikeja da tsibiri tun 2022.

Ga wani abu da ke kā da baƙi. Jiragen cikin gida a Ikko tasha biyu gare su, akwai wadda a ke kira MMA2, da aka buɗe a 2007, akwai kuma tsohuwar da a ke kira GAT. Ta ƙasashen waje kuma daban ta ke. In ka ce wa direba filin jirgi kurum, zai kai ka inda ya ga dama. Ku duba tikitinku na komowa ku ga tashar da aka rubuta, gama ba lalle ne a ce inda kuka sauka nan za ku tashi ba.

To, me za a gani? Kafin ka rubuta kome, zauna da uwargida ka tambaye ta. Mu maza mu kan shirya tafiya kamar jadawalin makaranta, wuri bakwai a yini ɗaya, sa'an nan mu yi ta duban agogo muna tsaki. A Ikko wuri biyu a yini ya isa, na uku kyauta ne.

Ran Asabar da safe ni dai zan fara da gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka kafa a 1957, amma ku tambayi lokacin buɗewarsa tukuna. A nan za ku ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda asalinsu ƙasarmu ce ta kudancin Kaduna, da motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976. Ba nisa daga nan akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa ne a titin Broad, aka mai da shi wurin shan iska a 2010. Wanda ya fi son itatuwa sai ya nufi gandun Lekki, inda akwai gadar igiya mai tsawon mita 401 a sararin sama. A sa takalmi marar tsini, a riƙe abinci da kyau saboda birai. In uwargida ta dubi gadar ta ce a'a, a'a ɗin ke nan, kada a matsa mata.

Teku a bar shi sai la'asar. Dattawan da suka san Bar Beach su sani babu ita yanzu, an cike wurin da yashi a na gina sabuwar unguwa, Eko Atlantic. Sai dai a bi ta wajen Lekki, yawancin wuraren kuwa a kan biya kuɗin shiga. Ina gargaɗi da babbar murya, teku ba kogin Kaduna ba ne. Igiyar ruwa in ta zo za ta koma, janye mutum ta ke yi, har wanda ya iya iyo. Ku jiƙa ƙafa, ku ɗauki hoto, ya isa.

Na san wani zai ce, Badagry fa, inda aka fara wa'azin bishara a 1842, da gidan benen nan na 1845? Wuri ne da ya cancanci ziyara, amma yini guda cur zai ci, ku ajiye shi sai wata tafiya. Haka nan 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba. In ka sanar da kowa zuwanku, kwana biyun a gaisuwa za su ƙare. Ku zaɓi gida ɗaya, ko ku yi gaisuwar ta waya. Kasuwar Balogun kuwa, wadda na tabbata uwargida ba za ta yafe ba, a ba ta yammacin Jumma'a, gama ran Lahadi yawancin shaguna a rufe su ke. A tuna jirgi yana auna kaya, abin da ya haura ƙa'ida sai an biya.

Ran Lahadi ku nemi sujadar farko. Akwai majami'u masu sujada da Hausa a Ikko, fastonku zai iya haɗa ku da ɗaya tun kuna gida. Hanya ta kan yi sauƙi ranar, duk da haka ku bar tsibiri sa'a uku da rabi kafin lokacin tashi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, sa'ad da ruwan sama ke cika tituna. Kada ku sayi jirgin ƙarshe na dare, domin in aka soke shi babu wani a bayansa. Ku riƙa duban saƙo a waya, gama a kan sāke lokacin tashi. Kowannenku ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa. Kuɗin kwana ɗaya na masauki da na mota kuma a ware su daban a ba uwargida ta riƙe, kada a taɓa su sai jirgi ya sauka a Kano.