Filin Kiwon Lafiya: Maganin Ciwon Karkarwa, Gyara Ko Ɓarna?

Wani mai karatu ya aiko mana da takarda, ya ce shekara shida ke nan mahaifinsa yana shan maganin ciwon karkarwa, yanzu kuwa in ya sha sai jikinsa ya dinga murɗewa ba da nufinsa ba. Dangi sun ce maganin ne ke cin sa, a daina. Yana tambaya, shin gaskiyarsu ce?

Wannan ciwo, wanda ya ci sunan James Parkinson, likitan Landan da ya bayyana shi a 1817, shi ne aka samu a jikin ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. Asalinsa kuwa wasu ƙwayoyi ne can cikin ƙwaƙwalwa suke mutuwa sannu a hankali, alhali su ne ke samar da sinadarin dofamin mai sa gaɓoɓi su bi umarnin mai su. Tun da George Cotzias ya nuna amfanin lebodofa a Amurka a 1967, shi ne uban magungunan ciwon, domin ƙwaƙwalwa tana juya shi ya zama dofamin.

To, ruwa ba ya tsami banza. Likitoci kansu sun daɗe da wannan tsoro, don an ga maganin yana kashe ƙwayoyin jijiya a ɗakin gwaji, har wasu suka riƙa jinkirta ba da shi. Amma kwalbar gwaji daban, ɗan Adam daban. A 2019 aka buga binciken da aka yi wa marasa lafiya 445 a ƙasar Holan: wasu suka fara sha nan take, wasu sai bayan mako 40. Da aka kai mako 80, ciwon ya ci gaba daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Wato maganin bai hanzarta shi ba, bai kuma tsai da shi ba.

Wanda ya fi gamsar da ni shi ne na Gana, na 2014. Can marasa lafiya kan yi shekaru kafin su sami maganin, ba kamar na Italiya da aka gwama su da su ba, amma murɗewar ta zo wa kowa kusan lokaci guda in an ƙirga daga farkon ciwon. Ashe daɗewar ciwo da yawan abin da ake sha a yini ne ke kawo ta, ba saurin farawa ba. Wanda ya jinkirta, shekarun ƙarfinsa kawai ya yi asara.

Ba a ce babu illa ba. Ban da murɗewar, ƙarfin ƙwayar kan ƙare kafin lokacin ta gaba, tsofaffi kuma kan ga abin da babu shi. Akwai kuma wasu magunguna masu kwaikwayon dofamin, irin su firamifeksol, waɗanda kan jefa dattijo mai kamun kai cikin caca, ko almubazzaranci, ko sha'awa marar kan gado. Kunya ce ke sa iyali su rufe wannan, likita kuwa shi ya kamata ya fara ji.

Saboda haka, Malam, kada a kuskura a yanke wa Baba magani farat ɗaya, don yin haka na iya kawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki, har a rasa rai. A koma da shi wurin likitan jijiyoyi. Yakan rage ƙwayar ya rarraba ta cikin yini, ko ya ƙara masa amantadin. A kuma rubuta lokacin da murɗewar ke tasowa na tsawon mako guda, a tafi da takardar.