Wai "Injin Kamfani Ne": Mu Daina Cinikin Biri A Sama



Yau kam zan taɓo inda yake yi wa wasu ƙaiƙayi, wanda ya ji haushi sai ya yi haƙuri. Maganar tsofaffin motocin Fijo ce, da ƙaryar nan da ta zama kamar gaisuwa a bakin wasu dillalanmu: "Injin kamfani ne Alhaji, tun daga Kaduna ba a taɓa sauke shi ba." Tun da aka cire tallafin mai a 2023, darajar naira ta faɗi, mota ta gagari talaka, tsofaffin 504 da aka jingine a zaure suka sake yin kasuwa, ita ma wannan ƙarya ta sake samun masu saye.

Jama'a mu yi lissafi mana. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969. Kamfanin Fijo da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina yayinta. Ke nan autar cikinsu ma ta doshi shekara 20. To motar da ta sha hanyar Gombe zuwa Bauchi da Jos, ta sha ta Dukku da Darazo zuwa Kano, ga fasinja ga buhunan wake, ita ce za a ce mini ba a taɓa sauke mata inji ba? Akwai irinsu, amma tsiraru ne. Daga 1986 da aka shiga matsin tattalin arziki na zamanin Babangida, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai injinan Beljiyam suka riƙa kwararowa ta Kwatano da Legas. Ƙari kuma, injin 504 mai cc 1971 irinsa ne a cikin 505 da yawa, bakanike zai ɗauke na waccan ya dasa a wannan kafin la'asar.

A fahimce ni, canza inji ba laifi ba ne. Sau da yawa ma motar da aka sa wa lafiyayyen inji ta fi mai tsohon nata amfani a hanya. Faɗana da ɓoyewa ne, domin kuɗin mai injinta na asali daban, na wadda aka canza wa daban, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake biya.

Binciken ba wani tsafi ba ne. Ka je da sassafe inji na sanyi, da bakanikenka, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo. A wanke gangar injin da kalanzir da buroshi, a nemo lambar da aka buga a wani shafaffen wuri a jikin ƙarfen, a goga alli a kai don ta fito sosai. A gwada ta da takardar da ta fi kowace tsufa, wato rasiɗin farko ko katin rajistar farko, ko takardar kwastan in shigo da motar aka yi, saboda takardun da aka sabunta sau da yawa abin da aka faɗa wa magatakarda kawai suke ɗauke da shi. A duba lambar shasi da ƙaramin farantin da aka manna ƙarƙashin bonet, ko ƙusoshinsa sababbi ne. Idan wurin lambar ya nuna sawun goge ƙarfe, ko lambobin sun hau sun sauka, wata babba wata ƙarama, ko nan kaɗai aka shafa sabon fenti, to an taɓa. Haka nan walda a mazaunin inji, da ramukan da babu noti, da wayoyin da aka yanke aka naɗe da salatif. Rashin hayaƙi da daɗin ƙara lafiyar inji suke nunawa, ba su faɗin asalinsa. Inji kuwa da aka yi wa ring ko aka canza wa kafireta yana nan a na asali matuƙar gangar ita ce.

Na san abin da za a ce: "Haba, ɗan garinmu ne, tare muke sallah, duba lamba ai rashin yarda ne." Wannan kunyar ita ce jarin macuci. Mai gaskiya shi zai fara miƙo maka alli, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, malamanmu kuma sun karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne. Wa ya fi ƙarfin a bincike shi?

Wasu kuma su ce inji ai inji ne in dai yana tafiya. To ku tambayi wani maƙwabcina, dattijo, da ya zuba kuɗin sallamarsa a wata 504 don ya riƙa haya. A wani shingen bincike aka tarar lambar inji ba ta yi daidai da takarda ba, mota ta yi makonni a tsare, dillali ya kashe waya. Da a ce injin na motar sata ne fa? Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma wanda aka samu da kaya a hannu shi ake fara riƙewa.

Mu da muka baro Katsina da Kano da Damagaram da Maraɗi muka zauna a Gombe, abin ya fi yi mana nauyi. Ɗan gari in ya shiga irin wannan rigima yana da dangi a kowace unguwa, daga Jekadafari har Bolari. Baƙo kuwa amanarsa ce danginsa. Ranar da aka kama ɗayanmu da injin da aka goge wa lamba, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi "mutanen nan". Iyayenmu sun yi shekaru suna gina sunan da ake ba su kaya bashi a kasuwar Gombe ba tare da jingina ba, ba daidai ba ne wasu 'yan tsiraru su rushe shi saboda la'ada.

Don haka ga abin da nake kira a yi. Duk cinikin mota a tsakaninmu a rubuta shi, da lambar inji da ta shasi, a faɗa ɓaro-ɓaro ko an canza ko ba a canza ba, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani. Wanda ya canza inji ya adana rasiɗin mai sayarwa, ya je ofishin rajistar motoci a gyara masa takarda tun kafin ya sa motar a kasuwa. Dillalin da aka kama da ƙarya sau ɗaya, shugabannin ƙungiyoyinmu su daina rufa masa asiri da sunan zumunci.

Wanda yake ganin na zaƙe, fili a buɗe yake, ya rubuto mu ji hujjarsa. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu da cin haƙƙin juna, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.