Kama Da Wane Ba Ta Wane: Hattara Da Fassarar Hoton Ƙwaƙwalwa

Tun da na'urar ɗaukar hoto mai aiki da maganaɗisu, wato MRI, ta samu a asibitocin koyarwa da wasu asibitocin kuɗi na ƙasar nan, wata ɗabi'a ta kunno kai tsakanin ma'aikata da ɗalibai. Mutum zai karɓi takardar sakamako, ya ga an ambaci fararen ɗigo a ƙwaƙwalwarsa, kafin ya koma wurin likita ya riga ya lalubo a wayarsa, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya kamu da cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da MS. Wannan gaggawa abar tsoro ce ƙwarai.

Ita dai wannan cuta, garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki. Sai ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta yi nauyi, ko tafiya ta koma tangaɗi, abin ya lafa bayan makonni, daga baya ya dawo. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata kuma sun ninka maza. Likitan nan na Faransa, Charcot, shi ya yi cikakken bayaninta a 1868, a 1981 kuma aka fara ganin tabonta da MRI a Landan. Ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya.

To, amma fararen ɗigo ba su keɓanta da ita ba. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon ɓarin kai da sikila, har ma da tsufa kansa, duk suna barin irin wannan tabo, kuma a wannan yanki su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Tarin fuka da ƙanjamau da ƙarancin sinadarin B12 su ma suna kwaikwayon alamunta. Shi ya sa ƙa'idojin McDonald, waɗanda aka kafa a 2001 aka kuma sake gyarawa a 2024, suka ɗora wa likita duba siffar tabon da wurin da ya zauna, da tarihin ciwon, da gwajin ruwan laka idan ta kama, sa'an nan ya tabbatar babu wata cutar da ta fi dacewa da abin da ya gani.

Akwai kuma wata 'yar'uwarta mai kama jijiyar ido da laka, wadda ake kira NMO, ta kuma fi yawa ga baƙar fata fiye da Turawa. Tun 2004 aka gano sinadarin da ake awonsa a jini don bambanta su. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne, domin wasu magungunan MS suna tsananta ta. Wanda ya sayar da gona ko fili ya sayi magani bisa zato, yana iya sayen makanta da kuɗinsa.

Ɗaya kuskuren shi ne ɗaukar MS a matsayin ciwon Turawa zalla. Gaskiya ne ta fi yawa a ƙasashen sanyi, amma ƙarancin likitocin jijiya da tsadar hoto suna ɓoye masu ita a nan. Yarinya za ta yi shekaru ana cewa iska ce ko sammu, alhali jinya da wuri tana rage nakasa.

Saboda haka ya wajaba gwamnatoci su ƙara horar da likitocin jijiya da masu karanta hoto, su kuma rage wa talaka tsadar hoton ta hanyar inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magungunan MS guda uku cikin jerin muhimman magunguna. Sai hukuma ta ga sun iso asibitoci. Shi kuwa maras lafiya, ya riƙe faifan hotonsa da takardunsa, ya kai wa likitan jijiya, ya tambaye shi me kuma zai iya haifar da wannan tabo, yaushe kuma za a sake hoton. Tambaya rabin ilimi ce. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.