Kada a Kwantar da Sojan da Ya Ji Rauni a Ɗaki

Tun shekara ta 2014 sojojin Kamaru suke fama da Boko Haram a wajajen Kolofata da Fotokol. Waɗansu sun dawo gida ba ƙafa, waɗansu kuma ƙashin bayansu ya karye. Sau da yawa mukan shimfiɗa wa irin wannan mutum tabarma a ɗaki, mu ce ya huta. Muna gani tausayi ne, amma doguwar kwanciya tana kisa.

A dā, yawancin sojojin da lakarsu ta yanke ba su daɗewa a duniya. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne suke kashe su. A shekara ta 1944 wani likita, Ludwig Guttmann, ya buɗe musu sashe a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Ya sa a riƙa juya kowane majiyyaci bayan awa biyu biyu, dare da rana. Da suka ji sauƙi, sai ya ba su kwari da baka. Ran 29 ga Yuli 1948, mutum 16 suka yi gasar harbin kibiya daga kan keken guragu. Daga nan ne wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali, aka kuma shigar da harbin bindiga cikinsu a 1976. Yau akwai wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni, maƙwabciyarmu Najeriya ta shiga a 2023.

Me ya sa likitan ya zaɓi baka? Jan tsirkiya yana ƙarfafa kafaɗu da baya da damatsa. Da su ne mutum zai ɗaga kansa daga gado zuwa keke, ba sai an ɗauke shi ba. Kibiya kuma ba ruwanta da ko maharbi a tsaye yake ko a zaune.

Mu a nan baka ba baƙo ba ne. Kowa ya san 'yan bakan Lamiɗon Rey Buba. Abin da Turawa suka mayar magani yana rataye a gidajenmu. A cika buhu da ciyawa, a kafa shi inda ba mutane ko dabbobi a bayansa. Matasa su zo su gwada hannu tare da shi.

Wani zai ce, mutumin da yaƙi ya lalata, za a sāke ba shi makami? Tambayar tana da kyau. In yana firgita cikin barci, ko yana yawan fushi, ko yana zancen kashe kansa, kada a bar makami kusa da shi. A kawo shi asibiti tukuna. Likita ne zai faɗi lokacin da ya dace ya fara.

Ko soja ne, ko wanda ya fāɗi a babur, ka duba fatar bayansa da ɗuwawunsa kullum. Ka ba shi ruwa isasshe. Ka fito da shi cikin mutane. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.