Ƙusa Mai Rami Murabba'i da Makanikan Dinawa

Duk wanda ya zauna rumfar mai gyaran injin ban ruwa a Dinawa, ko a Wurno da Goronyo inda noman rani ke rayuwa da ruwan gulbin Rima, zai tarar ƙusoshin murɗi iri biyu ne suka mamaye sana'a, mai tsaga ɗaya da mai gicciye wanda makanikai ke kira sita, alhali kuwa akwai na uku, mai rami murabba'i, wanda wani mai suna Robertson ya fara ƙerawa a Kanada a 1908, mai riƙe bakin sukudireba gam ba ya zamewa. Ford mai kamfanin mota ya nemi izinin ƙera shi a Amurka, Robertson ya ƙi, har mai gicciye na Phillips ya shiga masana'antun mota wajen 1936, ya bazu duniya, murabba'i kuwa ya tsaya galibi a Kanada.

A ra'ayina, falalarsa ba hujja ba ce ga ɗan kasuwar Sakkwato ya kawo mana shi babu sukudireban da ke kwance shi, domin manomin albasa da injinsa ya tsaya tsakiyar rani, maslaharsa tana ga ƙusar da kowane makaniki a Dinawa zai iya kwancewa kafin la'asar.