New York: Wa ke samun sabon tarago, wa zai biya kuɗin gyaran tasha?

Rabon taragun jiragen ƙarƙashin ƙasa tsakanin layukan birnin New York na Amurka, lamari ne da ya daɗe yana haddasa ƙorafi daga fasinjoji. To amma babbar taƙaddamar tana kan kuɗin gyaran tashoshi da na'urorin da ido ba ya gani.

A ranar 27 ga watan Oktoban 1904 ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko ya fara jigilar mutane a New York. A yau hanyoyin sun ƙunshi tashoshi 472 da taragu sama da 6,000, kuma kimanin fasinjoji miliyan 4 ne ke shiga a ranar aiki. Jiragen na zirga-zirga dare da rana, saɓanin yawancin manyan biranen duniya inda ake rufe tashoshi cikin dare domin masu gyara su sami sarari. Hukumar sufuri ta MTA, wadda ke ƙarƙashin ikon gwamnatin jihar New York, ita ce ke da alhakin tafiyar da su.

A duk lokacin da sabbin taragu suka iso, tambayar da mazauna birnin kan yi ita ce, me ya sa wani layi zai samu alhali wani yana ci gaba da fama da tsofaffi? Da yawa daga cikinsu na ganin akwai 'yan mowa da 'yan bora a tsakanin unguwanni. Bisa ga dukkan alamu kuwa, hannun hukumar a ɗaure yake fiye da yadda fasinja ke zato.

Gadon kamfanoni uku

Dalili na farko ya samo asali ne daga tarihi. Ɓangarori uku ne suka gina hanyoyin: kamfanonin IRT da BMT masu zaman kansu, sai kuma IND mallakar birnin. A shekarar 1940 aka haɗe su wuri guda, amma haɗewar ba ta sauya girman ramukan da aka riga aka haƙa ba. Layukan da ake kira da lambobi, daga 1 zuwa 7, su ne gadon IRT, kuma ramukansu matsattsu ne, saboda haka taragunsu ba su kai ƙafa 9 a faɗi ba, tsawonsu kuma ƙafa 51 ne. Layukan da ake kira da haruffa, irin su A da C da N, na amfani da taragu masu faɗin kusan ƙafa 10. Babban tarago ba zai shiga ramin layin lamba ba. Ƙarami kuwa idan aka kai shi layin harafi, zai bar wawakeken giɓi tsakanin ƙofa da dandamalin da fasinjoji ke tsayawa.

Hatta a tsakanin layukan haruffa akwai bambanci. Taragu masu tsawon ƙafa 75 da aka saya a shekarun 1970 da 1980 ba sa bin layukan J da L da M da Z, saboda kwanonin da ke kansu sun yi tsanani. Bugu da ƙari kowane layi na da lokonsa, wato wurin da ake ajiye jirage ana duba su, kuma hukumar ta fi son tara taragu iri ɗaya a loko guda, domin makanikai su ƙware a kansu, kayan gyara kuma su kasance a kusa.

Sigina ce ke yanke hukunci

Dalili na biyu, wanda ya fi tasiri a 'yan shekarun nan, shi ne na'urorin sigina. A wurare da dama har yanzu tsohon tsari ake bi, inda aka karkasa dogo gida-gida, kuma jirgi ba ya shiga wani gida sai wanda ke gabansa ya fice. Wasu daga cikin kayan wannan tsari tun shekarun 1930 aka girka su. Sabon tsarin da ake kira CBTC kuwa yana amfani ne da kwamfuta da rediyo wajen sanin ainihin inda kowane jirgi yake, abin da ke ba da damar jirage su riƙa bin juna kusa da kusa ba tare da haɗari ba. Sai dai tsarin ba ya aiki sai da taragun da aka sa wa na'urorinsa.

Sakamakon haka, duk layin da aka sabunta wa sigina shi ke kwashe sabbin taragu. Layin L ne ya fara samun tsarin, sannan layi na 7 ya biyo baya a shekarar 2018. Domin shirya layi na 7, an ɗebo taragu na zamani daga layi na 6 aka yi musu kwaskwarima, a madadinsu kuma aka tura wa layi na 6 taragun da aka ƙera a shekarun 1980. Fasinjojin wannan layi, wanda ke ratsa gabashin Manhattan zuwa Bronx, sun wayi gari sun koma cikin taragun da ba su da allunan lantarki masu nuna tasha ta gaba. Kazalika a tsakanin 2019 da 2020, lokacin da ake girka sabuwar sigina a layin Queens Boulevard, an janye taragu samfurin R160 daga layukan N da Q da W aka kai can, su kuma aka ba su samfurin R46 na shekarun 1970.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya zaɓi layin da za a fara sabunta wa sigina, ya riga ya zaɓi wanda zai hau sabon tarago na shekaru masu yawa. A wannan mataki ne siyasa da kasafin kuɗi ke shigowa, tun kafin tarago ya bar masana'anta.

Darasin layin C

Layin C misali ne na abin da jinkiri ke haifarwa. Shekaru da dama ya yi yana amfani da taragu samfurin R32, waɗanda kamfanin Budd ya ƙera a 1964 da 1965. A wasu shekarun, idan zafi ya tsananta, sai an yi musayarsu da taragun layukan da ke bi ta sararin sama, domin na'urorinsu na sanyaya iska ba sa jure zafin rami. An yi niyyar sallamarsu tun da wuri. A 2012 hukumar ta ba kamfanin Bombardier na Kanada kwangilar taragu 300 samfurin R179 a kan kusan dala miliyan 600, amma aikin ya makara da shekaru. Bayan sun iso ma, sai da aka janye su baki ɗaya a watan Janairun 2020 saboda matsalar ƙofofi, aka sake janye su a watan Yunin shekarar bayan da wasu taragu biyu suka rabu da juna jirgi na cikin aiki. Sai a watan Janairun 2022 ne R32 suka yi tafiyarsu ta ƙarshe, suna da kusan shekaru 58.

Darasin ya yi tasiri a kwangilar da ta biyo baya. A 2018 aka ba kamfanin Kawasaki na Japan aikin ƙera taragu 535 samfurin R211 a kan kimanin dala biliyan 1.4, daga baya aka ƙara yawansu zuwa 1,610. Sun fara aiki a layin A cikin watan Maris na 2023. An faɗaɗa ƙofofinsu zuwa inci 58 maimakon 50, domin shiga da fita su yi sauri, jirgi ya rage ɓata lokaci a tasha. A watan Fabrairun 2024 kuma layin C, wanda ya daɗe yana zama kurar baya, ya zama na farko da ya karɓi samfurin da fasinja ke iya ratsawa daga tarago zuwa tarago ba tare da buɗe ƙofa ba.

Tashoshi da ruwa

Sabon tarago abu ne da gwamna zai tsaya a gabansa a ɗauki hoto. Gyaran tasha kuwa ba shi da wannan farin jini, ko da yake a nan ne tsufan hanyoyin ya fi bayyana. Wani rahoto da mai binciken kuɗi na jihar, Thomas DiNapoli, ya fitar a 2014 ya nuna cewar tashoshi 51 ne kacal daga cikin 468 da ake da su a lokacin ba a sami wani lahani a jikinsu ba. Ragowar na fama da fasassun matakala, da lalatattun bakin dandamali, da fentin da ke ɓarewa daga rufi.

Babban abokin gabar tashoshin shi ne ruwa. Ko a ranar da ba a yi ruwan sama ba, famfunan hukumar na zuƙe fiye da galan miliyan 10 daga cikin ramuka. A watan Oktoban 2012 mahaukaciyar guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin ramukan da ke ƙarƙashin kogin East River. Sabuwar tashar South Ferry, wadda aka buɗe a 2009 bayan an kashe mata sama da dala miliyan 500, ta cika da ruwan gishiri, kuma ba a sake buɗe ta ba sai a watan Yunin 2017.

Ga kuma batun lokacin yin aiki. Tun da jirage ba sa tsayawa, dole masu gyara su yi aikinsu cikin dare ko a ƙarshen mako, a karkatar da jirage zuwa wasu hanyoyi, lamarin da ya fi shafar ma'aikatan asibitoci da masu gadi da masu shara, waɗanda ke fita aiki a daidai waɗannan lokuta. Daga 2022 hukumar ta ɓullo da tsarin amfani da irin wannan rufewa ta ƙarshen mako wajen wanke tasha, da yin fenti, da sauya fitilu a lokaci guda.

Zaɓen abin da za a gyara shi ma bai tsira daga suka ba. A 2016 gwamnan jihar na lokacin, Andrew Cuomo, ya ƙaddamar da shirin ƙawata tashoshi sama da 30. Kuɗin sun ƙare bayan an yi 19, kuma masu fafutukar kare haƙƙin naƙasassu sun yi Allah wadai da shirin saboda bai tanadi na'urorin hawa da sauka ba. A 2022, bayan ƙararrakin da aka shigar a kotu, hukumar ta amince za ta sa kashi 95 cikin 100 na tashoshin su zama masu shiguwa ga mai keken guragu kafin 2055. A lokacin yarjejeniyar, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka cika wannan sharaɗi.

Abin da ya faru a baya

New York ta taɓa ɗanɗana kuɗar sakaci. A lokacin da birnin ya shiga matsalar kuɗi a shekarun 1970, an yi ta ɗage ayyukan gyara, har ta kai a farkon shekarun 1980 tarago ba ya cika tafiyar mil 7,000 bai lalace ba. Shirin zuba jari na shekaru biyar-biyar da aka fara a 1982 ne ya ceto lamarin, inda daga baya wannan adadi ya haura mil 100,000. Amma da aka sake yin sako-sako, matsalar ta dawo. A watan Yunin 2017 wani jirgin layin A ya kauce daga dogo a unguwar Harlem, mutane da dama suka jikkata, gwamna Cuomo ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan hukumar, aka kuma ware sama da dala miliyan 800 domin gyaran gaggawa. A watan Janairun 2018, kimanin kashi 58 cikin 100 na jiragen ranakun aiki ne kawai suka isa a kan lokaci.

Daga ina kuɗin za su fito?

Kuɗin mota da fasinja ke biya, wanda ya kai dala 3 daga watan Janairun 2026, ba ya ko ɗaukar nauyin tafiyar da jiragen na yau da kullum, balle sayen taragu. A saboda haka ne aka ɗora fata a kan harajin cunkoso, wanda ake karɓa daga motocin da ke shiga Manhattan daga titi na 60 zuwa kudu, da nufin samar da dala biliyan 15 na manyan ayyuka. A watan Yunin 2024, ana dab da fara karɓar dala 15 a kan kowace ƙaramar mota, gwamna Kathy Hochul ta dakatar da shirin. Nan take hukumar ta jingine ayyuka na kimanin dala biliyan 16.5, ciki har da sabunta sigina, da sayen taragu, da girka na'urorin hawa da sauka a tashoshi 23. An fara karɓar harajin ne a ranar 5 ga watan Janairun 2025 a kan dala 9, kuma a watan Fabrairun shekarar gwamnatin shugaba Donald Trump ta nemi janye amincewarta, abin da ya sa hukumar ta garzaya kotu.

Shirin zuba jari na 2025 zuwa 2029 ya kai dala biliyan 68.4, kuma kaso mafi tsoka an ware shi ne domin gyara da maye gurbin abin da ake da shi, ciki har da sabbin taragun ƙarƙashin ƙasa 1,500. Abin da ya faru a watan Yunin 2024 ya nuna irin ayyukan da ake fara yankewa da zarar kuɗi sun yi ƙaranci. Idan aka sake jinkirta sigina, layukan da ke jiran sabbin taragu za su ci gaba da jira, mai keken guragu kuma zai ci gaba da wuce tashar unguwarsu ya sauka a wadda ke da na'urar da za ta fitar da shi waje.