Ku bar wutsiyar ido, ku leƙa tandun kwalli

Duk wanda ya je biki a Zongon Parakou ko a Djougou 'yan shekarun nan ya ga salon da ake yayi: a ja baƙin layi a saman fatar ido, in an zo gefe a ɗaga shi wajen ƙarshen gira, ya fita da tsini kamar fiffike. 'Yan mata sun koyo a TikTok, masu yi wa amare kwalliya sun mai da shi hanyar cin abinci. Iyaye kuwa sai faɗa, wai kwaikwayon Turawa ne, ina laifin kwallinmu na gado?

A ganina faɗan nan ya saki hanya. Jan wutsiyar ido ya girmi Turawan da ake zargi, don zanen mutanen Masar na zamanin Fir'auna cike yake da shi. Abin tambaya shi ne: me ke cikin abin da muke sawa, kuma a idon wa?

Kwalli sunna ce, babu musu, amma wanda aka yaba a hadisi ismid ne. Da yawa daga cikin dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a ɗura a tandu dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Hukumar CDC ta fitar da rahoton a 2012, ta ma ambaci sunayen da muka sani: tiro, tozali, kwalli.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Mun ji abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Ta kwalli ba ta zuwa da hayaniya. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki, kullum kaɗan-kaɗan. Sai an sa shi makaranta a ga ba ya riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne.

To ka ga yarinyar da ta ja layinta a wajen ido ta fi kakar da ke rambaɗa wa jika kwalli kusa da gaskiya. Sai dai ita ma da nata. Mai kwalliya ta yi wa amarya da ƙawaye goma da buroshi ɗaya, in guda na da apolo, ai kowa ya samu rabonsa. Wata in jagirar ruwa ta bushe sai ta jiƙa da miyau. Wata ta sayo kwalba a kasuwar Arzèkè, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa. Ga kuma irin mai kamawa kamar fenti, wanda ke hana ruwan alwala taɓa fata, sai an goge shi tukuna.

Don haka 'yan mata, kowace ta je wurin kwalliya da nata, ta ja layin a waje, ta wanke kafin barci. Iyaye mata da ungozoma, don Allah a raba jarirai da kwallin dutse, idonsu ba ya buƙatarsa. Malamai su faɗa a wa'azi cewa ba kowane baƙin gari ne ismid ba. Ma'aikatar lafiya kuma ta ɗebi kwallin da ake sayarwa a kasuwanninmu ta auna, ta gaya mana sakamakon a rediyo da Hausa, Dendi da Bariba. Ado da kyau, amma ba da ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu za mu biya kuɗinsa ba.